Magatakardan Trewin Ya Buɗe Littafi

Ni na riƙe masa alƙalami shekara talatin da ɗaya,
don haka kar ku tambayi dutsen da aka kafa a bakin kasuwa.
Dutse bai san lissafi ba. Ni na sani.

Malachi Trewin ya sauko daga jirgin ruwa
da akwati ɗaya, da tari a ƙirji,
da takalmin ƙanensa da aka jefa a teku.
Ya baro Kornwal, inda ramin kuza ya haɗiye ubansa,
ya faɗo wannan gaɓa ta Aotearoa
ba kowa, ba komai, sai sanyi.
Daren farko ya kwana ƙarƙashin kifaffen kwalekwale.
Da asuba wata budurwa, Hinetara,
ta ajiye masa gasasshen dankali a cikin ganye,
ta tafi ba ta tambayi sunansa ba.
Wannan bai shiga littafi ba.

Abin da ya shiga: ƙusa, gatari, taba, bargo,
zaren harakeke dami-dami, katako zuwa Sidni.
Daga baya bindiga, daga baya albarushi.
Sikeli biyu ne a kantin,
ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa.
Ni nake goge su kowace safiya,
ban taɓa cewa uffan ba.

Kwarin nan da kuke gani, daga kogi har gindin tsauni,
bargo arba'in ne, gatari goma sha biyu, taba ganga biyu.
Dattawa suka zana zanen fuskarsu a ƙasan takarda,
a zatonsu masauki suka ba baƙo, baƙo kuwa raɓa ne.
Raɓar ta kwana, ta wuni, ta kafa shinge.

Sai shekarar ƙyanda.
Ta shiga ƙauyen bakin kogi ta ɗebi rabi,
ta hauro tudu ta ɗauki Loveday, 'yarsa, mai shekara bakwai,
wadda ke ɓoye mini tawada a cikin buhun gishiri.
Ya binne ta ran Talata. Ran Laraba ya fasa sito.
Fulawa, sukari, bargon da dā sai da gona,
ya fita kyauta, ba awo.
Na gan shi da idona tsakar dare
yana jigilar ruwa zuwa bukkokin da kowa ke gudu.
Duk wanda ya ce don a gani ya yi, bai kwana a garin ba.

Ya gina asibiti mai gado goma sha huɗu.
Ya gina makaranta, ya sa mata ƙararrawa.
Matan da teku ta cinye wa mazaje
duk wata suna samun kwandonsu a ƙofa,
ba su san daga ina ba. Ni nake kaiwa.

Da tsufa ya kama Hinetara aka kawo ta asibitin.
Ya zo duba marasa lafiya, hula a hannu.
Ta shafa ƙarfen gado, ta dubi daɓe, ta ce,
gado mai kyau ne, Malachi,
daidai nan uwata take shuka dankali.

Bai amsa ba. Muka fito, muka gangara har kanti.
Ya ce, buɗe littafi, rubuta.
Na tsoma alƙalami, na ce, a wane shafi,
na bashin da muke bi, ko wanda ake bin mu?
Ya tsaya yana kallon sikelin nan biyu
har tawadar ta bushe a bakin alƙalamin.

Bai kai hunturu ba.
Majalisar gari ta aiko a ba ta kalmomin dutse,
na ba su: Ɗan kasuwa, mai kyauta.
Ba ƙarya a ciki. Wuri ne bai isa ba.

Littafin yana nan wurina, a ƙasan gado.
Shafi na ɗari uku da shida,
kwanan wata ne kawai a samansa,
da ɗigon tawada ɗaya.