Rijiyar da Ban Iya Shiga Ba

Shekara ashirin ina haƙar rijiya,
daga Garin Malam har bayan Kara-Kara.
Na san duhu.
Na san inda dutsen Damagaram ke cewa, tsaya nan.

Amma cikin Zuwera ya gagare ni.
Jini na tsiyayewa, ba a ga ɓular ba.
An leƙa ta sama, an leƙa ta ƙasa,
tsakiyar ce igiya ta kasa kaiwa.

Likita ta ɗora mata ƙwaya a tafin hannu,
ba ta kai dabino ba,
ido ɗaya gare ta, da fitila mai ƙyaftawa.
"Baba, za ta ga tuwon shekaranjiya?"
Kurɓi biyu, ta wuce.

Awa takwas da ɗamara a ƙugu,
tana zanen raƙumi a ƙasa da tsinke,
ƙwaya na bin lungunan ƙaramin hanji
ba guga, ba mai riƙe igiya.

Washegari aka nuna mini:
bango ja, mai laushi, mai lanƙwasa,
can sai ga ɗan miki kamar ƙwayar gero.

Na ɗora yatsa a gilashin.
Na ce, nan ke yoyo.
Likita ta dube ni, ta ce, nan ne.