Giɓin Rana a Rafindadi

Ranar Talata da hantsi
rana ta yi giɓi, kamar masar da yaro ya gatsa ya ajiye.
Ba duhu aka yi ba. Haske ne ya rame,
ya tsinke kamar kokon da ruwa ya yi wa yawa.
Kaji suka bar tono suka karkata kai.
Zakaran gidan Lantana ya yi cara sau ɗaya,
sai kunya ta kama shi.

Tanimu mai walda ya kashe inji,
ya haɗa baƙaƙen gilasansa biyu,
nan take ya zama mai unguwa:
layi tun daga rumfarsa har bakin kwata.
"Ɗaya bayan ɗaya! Wanda ya duba da ido tsirara,
kada ya ce ban faɗa ba."

Ƙarƙashin darbejiya kuwa
jinjirin wata ne zube a ƙasa, ɗari bisa ɗari,
kowace kafar ganye ta haifi nata.
'Yata Tsahare ta durƙusa tana tsinta,
tana dunƙule hannu, tana buɗewa, babu komai.

Daga wajen Gobarau aka yi kira.
Muka tsaya, tsayuwa mai tsawo,
muka yi ruku'u har gwiwa ta fara ƙorafi.

Da muka fito, Baba Mantau mai gyaran agogo
yana zaune inda muka bar shi,
da wani littafi da gara ta ci wa gefe.
Sunan nan nasa bai taɓa bin sa ba.
Ya ce, "Ba faɗa suke ba, ba kuma zazzaɓi ba ne.
Hanyar wata a karkace take, ba ta bin sawun rana.
Da tana bi, duk ƙarshen wata sai mun ga haka.
Mararraba biyu gare su,
sai an dace da wuri, an kuma dace da lokaci.

Ƙidaya wata ɗari biyu da ashirin da uku:
shekara goma sha takwas, da kwana goma sha ɗaya,
da sulusin yini.
Wannan sulusin shi ne ɗan hakin.
Kafin ya cika, duniya ta juya mana baya,
inuwar ta sauka a ƙasar waɗansu,
su ma kajinsu su karkata kai.
Sai ta yi zagaye uku take tuna hanyar gida,
hamsin da huɗu, da wata guda a kai."

Ya liƙa yatsa a wani shafi.
Rubutun ajami ne, tawadar ta koma ja.
"Hannun mahaifina.
Ina ɗan shekara goma sha biyu, a nan, gindin katangar nan.
Ya ce mini, ni ba zan ga dawowarta ba, kai ka jira ta."
Ya yi shiru. Agoguna bakwai a bayansa,
babu biyu da suka yarda da juna.

Sannan ya miƙa wa Tsahare biro.
Shekararta bakwai, bakinta ma da giɓi.
"Rubuta: Talata, hantsi, ta ci kusan rabi."
Ta rubuta, layin yana gangarowa kamar akuya a kan tudu.
Ya ce, "Bar shi haka. Za ki gane hannunki."

Na fara lissafi a zuci,
bakwai da hamsin da huɗu, sittin da ɗaya.
Na ɗora nawa shekarun a kai,
ban ƙarasa ba.

Sama kuwa giɓin yana cikewa a hankali,
ba tabo, ba ɗinki.
Jinjirayen darbejiya suka koma kwabbai.
Tanimu ya karɓi gilasansa, ya goge da gefen riga,
ya ta da inji,
don ƙofar da aka ba shi, yau aka ce za a zo ɗauka.