Abin da Fitila Ke Nunawa

A Estância Velha, ƙarfe biyar na asuba,
kafin motar fatu ta sha kwanar majema,
nakan ɗaura rigar roba, in kunna fitilar tebur.
Shekara goma sha tara ke nan:
a shimfiɗa mini fata, shuɗiya, da sauran danshi,
in shafa, in duba, in ɗora alli.
Lamba ɗaya kujerar mota za ta zama a ƙetaren teku.
Lamba shida, safar hannun mai walda.

Saniya ba ta kai ƙara,
amma fatarta ba ta iya riƙe sirri.
Jima ta cinye gashi, ta bar labari tsirara.

Ga wuya, ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsakin masara.
Nan kaska ta kafa baki,
ta sha, ta kumbura, ta faɗi cikin ciyawa,
'ya'yanta suka hau suka gaji wurin.
Rini ba ya zama daidai a kan tabo,
ko ka ba shi baƙi, sai ya fito da ido.

Ga gadon baya, inda kuɗin yake.
Huda uku. Huɗu. Bakwai.
Na ɗaga, hasken fitila ya leƙo ta ciki.
Aikin tsutsar ƙuda ne.
Shi ƙudan ma ba ya zuwa da kansa,
sauro yake cafkewa, ya manna masa ƙwai a ciki,
ɗan aike ya sauke kaya bai san me ya ɗauko ba.
Tsutsa ta nutse, ta yi ɗaki,
ta bar 'yar taga don numfashi,
ta ci makonni, ta fice ba sallama.

Waɗannan layukan na kwiɓi kuwa,
ƙaiƙayi ne ya kai ta ga waya mai ƙaya,
ta goga, ta goga, har daɗi ya zama jini.

Ƙanena Odair yana bin shanu a Mato Grosso,
kwana biyu a mota daga nan.
Ran Lahadi mukan yi waya.
Na ce: ku riƙa yi musu wankan magani kan kari.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
“Valdirene, nama ake awo a mahauta.
Fata kyauta muke bayarwa, kamar ƙaho.
Mai gona na ƙirga maganin da cokali,
kaskar ma ta saba da shi, sha take ta miƙe.
Mu huɗu ne, shanu dubu biyu.
Ni ma akwai ɗaya a kafaɗata,
da man alade na toshe mata taga ta fito.”

Ranar Talata, fata ta ɗari da sha ɗaya,
na juya cinya, sai ga tambarin wuta:
ƙugiya biyu cikin da'ira.
Na san shi. Yana jikin hular Odair a hoton Kirsimeti.
Wataƙila shi ya riƙe igiyar ranar da aka ɗora shi.
Wataƙila ya kira ta da wani suna.

Babba ce, mai kauri, faɗinta ya zarce tebur.
Da ta tsira da lamba ɗaya ce,
da wani a Turai ya jingina da ita shekara ashirin
bai taɓa tunanin ciyawa ba.

Na ƙirga huda. Na sake ƙirgawa,
ko ɗaya za ta ɓace don kunyata.
Anacleto yana bayana da takarda,
yana buga biro a haƙori.
Allina ya tsaya a kan huɗu,
har ya bar ɗan fari.

Na goge da babban yatsa.
Na rubuta biyar.

Suka ja ta zuwa tarin hagu,
suka shimfiɗa mini wata, da sanyinta.