Ƙafar Tsakiya

A Dalcahue ruwan sama ba ya neman izini.
Ya sauko Litinin, Asabar yana nan.
Rumfarmu na bakin gaɓa,
ƙashin jirgi a tsakiya, haƙarƙarinsa a buɗe,
garin katako ya sha ruwa ya zama kunu a ƙasa.

Filoginmu ƙafa uku gare shi, a jere.
Biyu na gefe su ke ɗauko wuta.
Ta tsakiya, in ji kawu Nibaldo, 'yar rakiya ce,
ba ta juya zarto, ba ta huda katako.
Doguwar wayarsa ta jonawa kuwa rami biyu gare ta,
sai ya ɗauko filaya, ƙaras!
Na ga ƙafar ta yi tsalle ta faɗi ƙasa.

Shekara uku injin gugar yana aiki lafiya lau.
Shekara uku yana yi wa babana dariya:
"Eleodoro, tsoro zai kashe ka kafin lantarki."
Ashe can ciki, inda ido ba ya kaiwa,
wata waya tana tsufa, rigarta na zaizayewa,
tana matsowa jikin ƙarfen injin
kamar tururuwa, ba ta gaggawa.

Ran da ta taɓa, ina riƙe da guga.
Bai yi ihu ba. Abin da ban manta ba ke nan.
Yatsunsa suka damƙe injin, suka ƙi shi,
haƙoransa a haɗe, takalminsa cikin ruwa.
Wuta ta nemi hanyar gida, ta tarar an datse,
sai ta bi ta hannu, ta bi ta ƙirji,
ta mai da kawuna gadarta zuwa ƙasa.

Na kai hannu zan jawo shi, babana ya daka tsawa.
Busasshen filafili ya ɗauka,
ya bugi filogin daga bango.
Shiru.
Sai ruwa a kan kwano,
sai numfashin mutum ɗaya yana dawowa.

Ya rayu. Yatsu biyu ne ba su dawo ba,
suna nan a hannun, amma ba sa jin zafi ko sanyi.
Washegari mai gyaran wuta ta zo daga Castro,
ta kafa sandar jan ƙarfe bayan rumfa,
muka yi ta dukanta da guduma har ta nutse,
ta ɗaura mata koriyar waya, ta ce:
"Ga ƙofar baya. In wuta ta haukace, nan za ta fita."

Yanzu rumfar tawa ce.
Siririyar waya na bar wa rediyo,
zarto mai kauri yake ci, gajera kuma.
Nakan warware naɗin duka, don na taɓa jin
yadda yake ɗumi kamar maciji a rana.
Da safe, kafin in jona, ina shafa ta kamu-kamu
ina neman rauni, in na samu ba na yi mata bandeji.
A ƙugiya take tafiya, bisa kawunanmu,
ba ta kwana cikin ruwa a ƙasa.

Kawu yana zuwa shan shayi, ya zauna kan kututture.
Jiya sabon yaro ya ɗauki filaya yana duban filogi.
Kawu bai ce komai ba.
Hannu kawai ya miƙa masa, ya ce, "Matsa nan.
Ƙara matsawa. Ka gani?"
Yaron ya ajiye filayar ƙasa.