Riwaya a Farin Gada

Ran Litinin ta tashi bugu ɗaya.
Ran Talata ma haka.
Ran Laraba bayan asuba, sanyin Jos na cizon kunne,
na murɗa makulli, ta ce ƙas,
ta yi shiru irin na wanda ake bi bashi.

'Ya'yan maƙwabcina Sallau suka fito da sauran barci,
suka sa kafaɗa, muka bi gangaren Gangare,
ta yi tari biyu ta kama.
Ɗari biyu ta bar aljihuna.

Na sayi sabon batir a Dilimi.
Kwana tara tana ladabi.
Na goma, a ƙofar asibiti,
gyatumata na zaune a baya da ledar magani a cinya:
ƙas.
Wani ya ce kik ne, wani ya ce fulogi,
wani ya matso kunnena ya ce in duba tsakanina da mutane.

Na kai ta Farin Gada wurin Davou mai rewaya.
Tana ganinsa ta warke.
Sau bakwai na murɗa, sau bakwai ta amsa,
kamar yaron da zazzaɓi ke saki da ganin allura.
Na tsaya ina rantsuwa babu wanda ya ƙaryata ni.
Davou ya goge hannu a wando, ya ce:
"Malam, matacciya ba ta ba ni tsoro.
Mai suma tana farfaɗowa, ita ke cinye yini."

Ya titsiye ni kamar alƙali.
Da sanyi take ƙi, ko in ta yi zafi?
Bayan ruwan sama? Bayan ramukan titin Bauchi?
In ta ƙi, fitila na lumshe ido?
Na ce tana lumshewa.
Ya ce to, ruwa ba ya tsami banza.

Ya ɗauko ƙwan fitila guda mai jelar waya
ya shiga bin sawun wuta.
Ni da na shekara ashirin ina biya wa yara riwaya,
wane daga wane, daga wane,
yau ga rewaya na biya mini tawa:
batir ya faɗa wa makulli,
makulli ya faɗa wa fis,
fis ya raɗa wa rile, rile ya tashi kik.
Duk wanda ƙwan ya taɓa sai ya haska,
kowa mai gaskiya.
To wa ke haɗiye saƙon a hanya?

Ya zauna kan tsohuwar taya ya ci gyaɗa.
Can ya ce: "Wuta ba ta fita sai ta san hanyar komawa.
Ilu, shiga ƙasa."
Yaron ya sulale, ƙafafu kawai ake gani.
"Girgiza baƙar nan. Malam, murɗa."
Ƙas.
"Sake ta. Murɗa."
Ta tashi.
Ban taɓa jin daɗin ƙin mota ba sai ranar.

Wayar da ke ɗaure da jikin ƙarfe ce,
can inda ido ba ya zuwa.
Noti ya saki, tsatsa ta ci,
wani gari kamar kanwa ya toshe bakinta,
silin tagulla uku suka rage suna riƙe da amana.
In rami ya matse su, su gaisa.
In dare ya yi sanyi, kowa ya kama gabansa.

Sanfefa, sufana mai lamba sha uku, ɗan giris a yatsa.
Kuɗin aikin bai kai na ƙosan mako ba.
Na tuna tsohon batir da na sayar wa 'yan jari bola,
bawan Allah, ya tafi da laifin wani.

Wata huɗu ke nan ba ta ce ƙas ba.
'Ya'yan Sallau na gaishe ni sama-sama.
Ni kuwa har yau, in na dawo da dare,
hancinta nake juyawa ya kalli gangare.