Zumar Madam Rifkatu

Shagona na Jekadafari, ƙofa ɗaya, ba taga.
Zuma nake sayarwa, ta Tula da ta Dadiya,
a kwalbar da aka wanke sau uku.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin masu saye,
gefensa ya sha danƙo har ƙudaje sun san shafi.

Sai Hammadu ɗan yayata ya dawo daga makaranta,
kwamfuta a jaka, magana fal baki:
"Kawu, zaman jiran ciniki ya wuce.
Ba ni sunayen nan. Akwai na'ura mai basira,
ita za ta aika wa kowa imel,
kowa da irin gaisuwar da ke kwance masa lalita."

Na ce, ta taɓa lasar zuma?
Ya ce ba ta da harshe.
Na ce, to da me za ta yi talla?

Ashe za ta yi.
Kafin in shafa addu'ar asuba
ta gaida mutum dubu da ɗari biyu, kowa da sunansa.
Ta san ranar da albashin malamin asibiti ke sauka,
ta san mai tarin da ke nemana in damina ta kankama,
ta san wanda ba ya motsi
sai an ce masa saura kwalba uku,
alhali ga jarkoki cike a bayana.
Wannan kam na hana.
Algus ba ya shiga zumata, ko na ruwa ko na baki.

Ciniki ya buɗe, ba na musu.
Na sayi sabon sikeli, na biya hayar shekara.

Hammadu ya ce ai ban ga komai ba tukuna:
masu saye ma sun fara ajiye nasu na'urorin,
su ke buɗe saƙo, su tace, su taya.
Wato tawa ta yi sallama, tasu ta amsa,
wannan ta ce a rage, waccan ta ce albarka,
mu kuwa muna gefe
kamar masu saniya a kara,
dillalai na ƙus-ƙus a kan abin da muka kiwata.

Ran wata Talata amsa ta shigo, gajeriya.
Ya karanta, ya yi shiru, ya juyo mini fuskar kwamfuta.

"Ni ne Ishaya, ɗan Madam Rifkatu ta Kaltungo.
Mama ta rasu tun watan huɗu.
Duk sati kuna rubuto mata, mun yi kewarki.
Kwalbarta ta ƙarshe na nan, rabi, mun kasa taɓawa.
Don Allah ku bari."

Sau goma sha tara. Na ƙirga da yatsa.

Rifkatu malamar lissafi,
wadda sai ta tsoma tsinken ashana a zumata, ta ƙyasta,
in ya kama ta ce, "Yau ka tsira, ɓarawo,"
ta biya tana dariya.
Wata biyar ba ta zo ba, ni kuma ban lura ba,
ina can ina goge sabon sikeli.

Na'ura ta tsara ban-haƙuri nan take,
magana sumul, ko gargada babu.
Na ce a bar shi nan.
Na ja ƙofa, na nufi tasha.

Kumo ta wuce, Billiri ta wuce,
masara ta fi mutum tsayi a bakin hanya.
A gidan aka ba ni benci da ruwa a kofin silba.
Duk abin da na shirya ya tsere.
Na ce, sannu. Na ce, ya haƙuri.
Na sake cewa sannu.
Ishaya ya dube ni ya ce,
"Au, kai ne mai ashanar?"

Gobe ma za ta yi gaisuwarta da asuba,
dubu da ɗari biyu ba ɗaya.
Amma na gaya wa Hammadu:
duk wanda ya yi mata shiru sau uku
ta kama bakinta, ta miƙo mini sunansa.

Jiya ta ba ni bakwai.
Na kira huɗu, kati ya ƙare.