Kalmar Baltasar ta Farko

Wata goma sha bakwai da kwana tara.
Ko cikin barci na iya lissafin.
Gidanmu na kan tudun Cordillera, a Valparaíso,
matakala ɗari da sittin daga bakin titi.
Kullum nakan hau da Baltasar a ƙirjina,
ina faɗa masa sunan duk abin da muka wuce:
kare, ƙofa, jirgin ruwa, lemo.
Shi kuwa sai ido,
kamar alƙalin da ya saurari ƙara
ya ɗage zama sai wani mako.

Ba shiru yake ba, kada a ce na ce.
Tun yana wata shida yake gwaranci,
ba-ba-ba da asuba, da-da-da a cikin baho,
ya kama ƙafarsa ya yi mata dogon jawabi,
ya dakata ya ji abin da yatsu za su ce.
Amma kalma,
wadda za ka ɗauka ka nuna wa baƙo,
babu.

Millaray, 'yar Yasna ta ƙasan bene,
da sati biyu kacal ta girme shi.
Tana cewa ruwa, tana cewa takalmi,
ran Lahadi har fada ta ce wa a'a a ƙofar coci.
Na yi dariya tare da kowa.
Na dawo gida na kulle banɗaki,
na buɗe famfo don kada Eleodoro ya ji.

A asibitin unguwa, malamar jinya
ta jawo takarda mai gida-gida.
Yana nuni da yatsa? Yana yi.
In an kira shi yana waiwayowa? In ya ga dama.
Kalma nawa?
Na dubi igiyar takalmina.
Ta kaɗa ƙararrawa a bayan kunnensa,
ya juya ya ƙwace ta.
Ta ce: kunne lafiya lau. Ku dawo bayan wata biyu mu sake dubawa,
ku riƙa yi masa hira.
Hira!
Ni da yawuna ya ƙafe a kan matakala.

Surukata Herminia tana ɓarar wake ta ce,
ubansa sai da ya haura shekara biyu,
yau wa ke iya rufe masa baki a kasuwar kifi?
Na ji. Ji daban, kwanciyar rai daban.

Da dare na kama Eleodoro a bakin gadon yaro,
hannunsa na ƙarnin kifi,
yana raɗa masa papá, papá,
kamar mai miƙa toshiya a ɓoye.
Ban ce komai ba.
Ni ma da rana abin da nake yi ke nan.

Sai ran Alhamis, hazon teku ya rufe tashar jiragen ruwa,
ina wanke kofi,
motar mai gas ta tsaya a gindin tudu,
yana dukan tukwanen da ƙarfe yadda ya saba,
kwal-kwal, kwal-kwal-kwal.
Baltasar ya dafa taga, ya manna hanci,
ya ce: gas.

Kofin bai faɗi ba. Na ajiye shi a hankali.
Ya juyo ya dube ni,
wai ke ba ki ji ba ne?
Gas.

Na sauka babu takalmi.
Tukunyarmu ko rabi ba ta yi ba,
na sayi wata.
Don Nibaldo ya saɓa ta a kafaɗa,
matakala ɗari da sittin yana haki,
yana satar kallon matar da ke kuka a kan gas.

Yanzu tukunya biyu ce a kicin, muna tuntuɓe da ɗaya.
Mamá ba ta iso ba tukuna.
Kyanwa gas ce, farin wata ma gas,
jiya da tsakar dare ya farka ya miƙo hannu cikin duhu,
ya kira ni da sunan da yake da shi,
na amsa.